Leshmaniyoz: cutar da ke ɓoye a jikin karen karkara

Kare mai rama, mai zubar gashi, mai dogayen farata, ba kullum ne yunwa ko ƙazuwa ke damunsa ba. A ƙasashe fiye da 70 na duniya, har da wasu daga cikin maƙwabtan Nijar, waɗannan alamomi kan zama shaidar wata cuta mai suna leshmaniyoz, wadda wani ɗan mitsitsin ƙwaro ke ɗauka daga jikin kare ya kai ta jikin yara ƙanana. Binciken masana ya nuna cewa karen karkara ya fi na birni shiga haɗarin kamuwa, kuma dalilan hakan suna nan a tsakar gida, a garka, da cikin garke.

In aka yi zancen ciwon kare a ƙasar Hausa, abin da ke fara zuwa a zukatan jama'a shi ne haukan kare, kuma da gaskiyarsu, tun da yake cuta ce mai firgitarwa wadda ba ta barin wanda ta bayyana a jikinsa. Amma akwai wata cutar wadda ba ta da hayaniya irin ta hauka. Tana cin kare sannu a hankali, wata da watanni, wani lokaci shekara da shekaru, mai shi yana ɗora laifin bisa tsufa ko rashin ƙoshi, alhali kuwa dabbar ta riga ta zama rumbun ƙwayoyin cuta a wurin da ƴaƴansa ke kwana.

Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa kowace shekara mutum 700,000 zuwa miliyan 1 ke kamuwa da leshmaniyoz. Mafi yawansu irin na fata ne ke kama su, wanda ke fitowa kamar ƙurji, ya zama gyambo mai wuyar warkewa, ya bar tabo har iyakar rai. Amma mutum 50,000 zuwa 90,000 daga ciki, irin na ciki ne ke kama su, wanda ke kumbura saifa da hanta, ya shanye jini, kuma in ba a yi magani ba yakan kashe fiye da kashi 95 cikin ɗari na waɗanda ya kwantar.

Ya kamata mai karatu ya san tun da fari cewa ba kowane irin leshmaniyoz ne ke fitowa daga kare ba. Ƙwayoyin cutar da ke kama ɗan Adam sun fi iri 20. Wadda ke kawo gyambon fata a ƙasashen Sahel, a jikin kusan daji take zaune. Wadda ke yin ɓarna a Indiya da gabashin Afirka, galibi daga mutum zuwa mutum ƙwaron ke ɗaukarta. Ta uku kuwa, mai suna Leishmania infantum, ita ce wadda kare ya zama babban masaukinta, kuma sunanta ma na nufin cutar ƙananan yara.

Yadda aka gano ta

A shekarar 1900 ne wani lokotoron sojan Ingila mai suna William Leishman ya ga wasu ƴan ƙananan ƙwayoyi cikin saifar wani soja da ya rasu bayan ya kamu da zazzaɓi a barikin Dum Dum, kusa da birnin Kalkata na Indiya. Ya wallafa abin da ya gani a 1903, shekarar da wani lokotoron, Charles Donovan, ya ga ƙwayoyin iri ɗaya a birnin Madaras. Daga sunan na farko ne aka samo sunan cutar. Mutanen Indiya kuwa tun da can suna kiranta kala-azar, wato baƙin zazzaɓi.

Alaƙar cutar da kare a nahiyar Afirka aka gano ta. A 1908 Charles Nicolle, shugaban cibiyar Pasteur ta birnin Tunis, ya lura da wani irin kala-azar da ke kama ƙananan yara a Tunisiya, kuma a cikin wannan shekara shi da abokin aikinsa Charles Comte suka tarar da ƙwayar cutar a jikin karnukan birnin. A 1921 kuma, a Aljeriya, Edmond Sergent da ƙanensa Étienne tare da abokan aikinsu suka nuna cewa wani ɗan ƙwaro mai shan jini ne ke ɗauke da ƙwayar gyambon da ake yi wa laƙabi da sunan garin Biskra.

Nijar ma tana cikin wannan tarihi. A 1911 lokotoro Stévenel ya ba da rahoton wani gyambo da ya gani a yankin Damagaram, wanda ya danganta da wannan cuta, kuma ana lissafa rahoton nasa cikin na farko-farko da aka bayar game da leshmaniyoz na fata a Afirka ta Yamma.

Ƙyashi, ɗan hakin da aka raina

Ƙwaron da ke yaɗa cutar shi ne ƙyashi, wanda masana ke kira filebotom. Tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, wato bai kai rabin sauro ba. Launinsa ruwan ƙasa ne mai haske, jikinsa duk gashi, kuma in ya sauka yakan ɗaga fikafikansa sama. Ba ya kuka a kunne kamar sauro, saboda haka sai dai mutum ya ji zafin cizo. Tamatar ce kaɗai ke shan jini, don ƙwayayenta su nuna, kuma lokacin yawonta daga faɗuwar rana ne zuwa fitowar alfijir, musamman a daren da babu iska.

Babban abin da ya bambanta shi da sauro shi ne wurin haihuwa. Sauro cikin ruwa yake zuba ƙwai, ƙyashi kuwa cikin ƙasa mai laima wadda ta gauraya da ruɓaɓɓen ganye ko kashin dabbobi. Da rana yana ɓuya cikin tsagar bangon laka, da ramin kusu, da kogon itace, da suri, da akurkin kaji, da duhun ɗakin awaki. Ba shi da ƙarfin tashi, yana tafiya ne da ɗan tsalle-tsalle kusa da ƙasa, kuma galibi ba ya yin nisan da ya wuce ƴan ɗaruruwan mitoci daga inda aka ƙyanƙyashe shi. Ma'anar wannan ita ce, ƙyashin da ya ciji kare ko yaro, mafi yawan lokaci ɗan gida ne ko na maƙwabta.

In tamatar ta sha jinin kare mai cutar, ƙwayoyin sukan hayayyafa cikin hanjinta na tsawon mako ɗaya zuwa biyu, sannan su taru kusa da bakinta. Duk wanda ta ciza bayan haka, kare ko mutum, sai ta zuba masa su cikin fata. Daga nan ƙwayoyin kan shige cikin waɗansu sojojin jini waɗanda aikinsu shi ne haɗiye ƙwayar cuta su kashe ta, sai su mayar da su gidan zama, su bi su zuwa kaluluwa, da saifa, da hanta, da ɓargo. Yana da kyau a sani cewa shafa kare, ko yawunsa, ba su ne hanyar da cutar ke bi ta kama mutum ba. Sai da ƙyashi a tsakani.

Kwanan waje da irin aikin kare

Binciken da aka yi a ƙasashen bakin Bahar Rum da Barazil da Iran ya yi ta maimaita amsa ɗaya: abu na farko da ke jefa kare cikin haɗari shi ne kwana a waje. Karen da ke shiga ɗaki kafin magariba ya tsira daga mafi yawan cizo. Wanda ke kwance a ƙasa, a gindin danga, tun daga almuru har asuba, ya ba ƙyashi dare cikakke, kuma a daidai tsayin da ƙwaron ke tashi. A karkara kuwa kusan kowane kare a waje yake kwana, tun da aikinsa ke nan.

Shi ya sa alƙaluman masana ke nuna cewa karen gadi, da karen kiwo, da karen farauta sun fi karen ado kamuwa. Karen gadi yakan kasance a ɗaure wuri ɗaya, ba shi da ikon kauce wa cizo, kuma sau da yawa wurin da aka ɗaure shi dab yake da turken dabbobi. Karen makiyayi yana kwana tare da garke, inda taki da ɗumin jikin dabbobi ke tara ƙwari. Karen mafarauci yana kutsawa cikin duhuwa, yana tura hanci cikin ramukan da ƙyashi ke fakewa, ga shi kuma yana shiga yankin dila da ƴanyawa, dabbobin dawa dangin kare waɗanda a wasu ƙasashe aka tarar da ƙwayar a jikinsu.

Wasu binciken sun sami karnuka maza da cutar fiye da mata. Masana da dama na ganin cewa dalilin bai wuce yawo ba, da kuma yadda ake fifita namiji wajen gadi da farauta.

Muhallin gida

Abu na biyu shi ne yanayin gidan da karen ke zaune. A 2013 wasu masana suka tattara sakamakon binciken da aka yi bisa karnuka a Barazil, ƙasar da ke da fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu leshmaniyoz na ciki a nahiyar Amurka. Cikin abubuwan da suka tarar suna tafiya tare da kamuwar kare akwai kusancin gida da ciyayi ko kurmi, da barin kare a farfajiya maimakon cikin ɗaki.

Kaji suna da wani matsayi na daban cikin wannan al'amari. Kaza ba ta kamuwa da cutar, ba ta kuma yaɗa ta. Amma akurki wuri ne mai duhu da ɗumi da laima, ga jini a sauƙaƙe, ga kashin kaji da ƴaƴan ƙwaron ke ci. A Barazil an sha kama dubban ƙyashi cikin akurki ɗaya. Saboda haka karen da aka ɗaure dab da akurki don ya kori muzuru ko ɓarawo, an ajiye shi ne a bakin kasuwar ƙwari. Haka lamarin yake ga juji, da tarin taki da ake ajiyewa kafin a kai gona, da tsohon bangon da ya tsattsage, da kangon da aka bari.

Garka ma tana cikin lissafi. Wurin da ake ban ruwa cikin rani, ƙarƙashin inuwar mangwaro ko dabino, ƙasarsa ba ta bushewa, ganye na ruɓewa a kanta, kusa kuma na haƙa ramuka. Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ya sayi garka a bayan gari, ya kai kare don tsaron injin ban ruwa, ya kamata ya riƙe wannan a zuciya.

Gashi, jinsi da shekaru

Abu na uku a jikin karen kansa yake. Binciken na Barazil ya nuna cewa kare mai gajeren gashi ya fi mai dogon gashi kamuwa, domin bakin ƙyashi gajere ne, yana neman inda fata take a fili: kunne, da hanci, da gefen ido, da ciki. Karnukan Sahel kuwa, tun daga karen ƙauye har zuwa dogon karen nan na Azawak da Abzinawa ke taƙama da shi a arewacin Tawa, masu gajeren gashi ne ƙwarai.

Amma cizo daban, kwanciya ciwo daban. Akwai karnukan da ƙwayar ke shiga jikinsu, garkuwar jiki ta danne ta, su rayu lafiya. Akwai kuma waɗanda take kayarwa. A nan jinsi na da tasiri. Likitocin dabbobi na Turai sun lura cewa karen da Faransawa ke kira berger allemand, da boxer, da rottweiler, da cocker, sun fi saurin faɗawa ciwo mai tsanani. Sabanin haka, wani karen farauta na tsibirin Ibiza a ƙasar Sipaniya, wanda kakanninsa suka daɗe suna zaune tare da cutar, an nuna a wani bincike na shekarar 2000 cewa jikinsa na iya tsayayya da ita. Abin lura a nan shi ne, jinsunan da suka fi rauni su ne waɗanda masu hali a Yamai da Maraɗi da Damagaram ke kashe jikkuna masu yawa wajen saye don gadin gida da mangaza.

Game da shekaru kuwa, ciwon ya fi bayyana a lokaci biyu: ga ƙananan karnukan da ba su kai shekara 3 ba, da kuma tsofaffin da suka haura shekara 8, lokacin da ƙarfin jiki ya fara ja baya. Kamuwa kuma tana ƙaruwa da yawan shekaru, tun da kowace damana da kare ya gani ƙarin cizo ce.

Yunwa, kaska da tafiye-tafiye

Karen karkara ba kasafai ake dafa masa abinci ba. Ƙanzo, da dusa, da abin da ya tsinta a juji, su ne cimarsa. Karen da ba ya samun ƙoshi, ga tsutsar ciki, ga kaska cike da kunnuwa, garkuwar jikinsa ba ta da ƙarfin danne ƙwayar. Kaska musamman tana ɗauke da nata cututtukan jini, kuma an ga cewa karen da ya haɗa su da leshmaniyoz ya fi shan wuya.

Akwai kuma hanyoyin da ba su buƙatar ƙyashi. Karya mai cutar na iya ba ƴaƴanta tun suna ciki, namiji na iya ba mace wajen barbara, ƙarin jini ma na iya ɗaukarta. A 1999 da 2000 cutar ta ɓulla tsakanin karnukan farautar ƴanyawa a Amurka, kuma daga baya bincike ya nuna cewa daga uwa zuwa ɗa take bi. Wannan ya sa ɗan kwikwiyon da aka yi tsarabarsa daga ƙasar da cutar take, ko da ya yi kyan gani, zai iya zuwa da ita. A kudu maso yammacin Turai kaɗai, wato Sipaniya da Fotugal da Italiya da kudancin Faransa, wani ƙiyasi na 2002 ya ce karnuka aƙalla miliyan 2 da rabi ke ɗauke da ita. Tana nan kuma a Maroko da Aljeriya da Tunisiya.

Alamomin da mai kare zai lura da su

Tsakanin cizo da bayyanar ciwo akan yi wata 3, akan kuma yi shekaru. Alamar farko ita ce rama, ko da karen yana cin abinci, tare da kasala da kumburin kaluluwa a wuya da bayan gwiwa. Fata takan bushe, ta riƙa zubar da farin ɓawo kamar amosani. Gashi yakan zube a kewayen idanu, har karen ya yi kamar ya sa tabarau. Gyambo kan fito a bakin kunnuwa, da hanci, da gaɓoɓin da ke gogar ƙasa. Farata kan yi tsawo su lanƙwashe. Wasu karnukan suna haɓo, wasu idonsu ya yi ja ya yi hazo. Daga ƙarshe cutar kan lalata ƙoda, karen ya riƙa yawan shan ruwa da yawan fitsari, kuma mutuwar ƙoda ce ke kashe mafi yawansu.

Abin da ke taimakawa wajen bambanta ta da ƙazuwa shi ne ƙaiƙayi. Kare mai ƙazuwar da aka fi sani ba ya hutawa da susa, mai leshmaniyoz kuwa galibi ba ya susa sosai. Duk da haka ido kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an auna jini ko an ɗebi ruwan kaluluwa an duba. Babbar matsalar ma ita ce, a wuraren da cutar ta zauna, fiye da rabin karnukan da ke ɗauke da ita ba su nuna wata alama, kuma wasu daga cikinsu na iya ba ƙyashi ƙwayar, ko da yake masu ciwo a fili sun fi yaɗa ta.

Gemun maƙwabci ya kama wuta

An daɗe ana ɗaukar leshmaniyoz na kare a matsayin cutar Turai da Magrib da Amurka ta Kudu. Amma a Senegal, tun cikin shekarun 1970 masana suka gano ta a jikin karnukan jahar Thiès. Wani bincike da aka wallafa a 2010 bisa ƙauyukan Mont-Rolland na wannan jaha ya tarar da shaidar kamuwa a jinin fiye da kashi 40 cikin ɗari na karnukan da aka auna, da kuma fiye da kashi 30 cikin ɗari na mutanen da aka auna, ya kuma tabbatar da cewa Leishmania infantum ce. A Gambiya an ba da rahotonta a jikin kare tun farkon shekarun 1980. A Burkina Faso, ƙasar da gyambon fata ya yi yawa a Wagadugu daga 1996 har jama'a suka sa masa sunan unguwar Waga 2000, an sanar da gano ƙwayar a jikin karnukan Bobo Julaso a 2017.

Ta arewa, yankin Kabiliya na Aljeriya tsohon mazaunin cutar ne ga yara da karnuka, kuma an sami masu ciwon ciki a duwatsun Hoggar da Tasili, wato ƙasar Tamanrasat da Janet, garuruwan da fatake da ƴan ci-rani daga Nijar suka sani sarai.

A nan cikin gida, ban da rahoton Damagaram na 1911, likitoci a Yamai sun tabbatar da gomman masu gyambon fata cikin shekarun 1980. A 1988 aka wallafa labarin mutum na farko da awo ya tabbatar ya kamu da kala-azar a cikin ƙasar Nijar, kuma a 1997 aka ba da rahoton wasu mutum 6. Ƙasar Abzin, mai duwatsu da ƙoramu da garake, ita ce yankin da aka fi dangantawa da wannan irin ciwo. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A wannan karon ma hayaƙin ya riga ya taɓa namu.

Waɗanda cutar ta fi kayarwa cikin mutane su ne yara ƴan ƙasa da shekara 5, musamman masu tamowa, da masu ciwon sida, da duk wanda garkuwar jikinsa ta raunana. Alamominta na kama da na zazzaɓin cizon sauro: zafin jiki, rama, ƙarancin jini, kumburin saifa. Ƙa'idar OMS ita ce, zazzaɓin da ya wuce mako 2 tare da kumburin saifa, wanda awo ya nuna ba na cizon sauro ba ne, ko aka ba shi maganinsa bai ji ba, a yi zaton kala-azar a auna. Akwai awon jini na gaggawa, akwai kuma maganin da ke warkar da mutum in an fara shi da wuri.

Magani, kisa, ko rigakafi?

Ga kare lamarin ya sha bamban. Likitocin dabbobi na amfani da allurar Glucantime ko maganin sha na miltefosin, tare da ƙwayar alopurinol da ake ba kare wata 6 ko fiye. Karen kan murmure, gashinsa ya dawo, amma ƙwayar ba ta fita jikinsa ɗungum, kuma ciwon na iya dawowa. Kuɗin ya fi ƙarfin talaka, sannan masana na gargaɗin cewa yawan ba karnuka magungunan da ake ba mutane na iya sa ƙwayar ta saba da su. Allurar rigakafin da aka amince da ita a Turai a 2016 tana rage kwanciya ciwo, amma ba ta hana kamuwa.

Wasu za su ce hanya mafi sauƙi ita ce a kashe karnukan. Barazil ta yi shekaru da dama tana auna karnuka tana kashe masu cutar, dubbai bisa dubbai, amma cutar ba ta daina yaɗuwa ba, har ta shiga manyan birane. Dalilan a fili suke: awo ba ya kama kowane mai ɗauke da ita, ana jinkiri tsakanin awo da kisa, wasu na ɓoye karnukansu, kuma wanda aka kashe wa kare yakan kawo ɗan kwikwiyo, shi ma ya kamu. Sannan kare ba shi kaɗai ne masauki ba. Annobar da ta kama ɗaruruwan mutane a Fuenlabrada, kusa da Madrid, daga 2009, zomayen wani filin shaƙatawa ne aka tarar suna riƙe da ƙwayar. Zuba wa karnuka guba a titi kuwa, ban da rashin tausayi, yana kashe angulaye da sauran dabbobi, yana kuma barazana ga yara.

Abin da ya fi nuna amfani shi ne hana cizon. Akwai abin wuya na roba mai ɗauke da maganin ƙwari deltametrin, wanda ke bazuwa cikin maiƙon fatar kare ya kori ƙyashi na tsawon watanni. A wani gwaji da aka yi a ƙauyuka 18 na arewa maso yammacin Iran, aka wallafa a 2002, an sa wa karnukan ƙauyuka 9 abin wuyan, aka bar na sauran 9. Bayan shekara guda, sabon kamuwa ya ragu da wajen rabi tsakanin karnukan da aka sa wa, ya kuma ragu ƙwarai tsakanin yaran ƙauyukan, ko da yake ba a taɓa yaran da komai ba. A 2021 gomnatin Barazil ta shigar da rabon abin wuyan cikin tsarinta na yaƙi da cutar.

Abin da ya rage ga kowa

Shawarar da ake ba Turawa ita ce su kwana da kare cikin ɗaki, abin da bai dace da al'adar mutanenmu ba, waɗanda ke ajiye kare don gadi da kiwo da farauta. Amma akwai abin da kowa zai iya. A nisanta makwancin kare daga akurki da turke da juji, a kuma nisanta shi daga inda yara ke shimfiɗa tabarma lokacin zafi. A zaɓa masa wuri busasshe mai shan iska. A riƙa kwashe taki da shara a kai gona, a yaɓe tsagar bango, a toshe ramukan kusa. A ba shi abinci, a cire masa kaska. Yara su kwana cikin sange mai magani, domin ƙyashi na iya ratsa idon sangen da ba shi da magani. Kada a yi wa kare wanka da maganin feshin auduga ko na wake, guba ce gare shi da mai wankan. Kare mai rama da gyambo a kai shi wurin ma'aikatan kiwo, kada a kore shi daji ya je ya zama masaukin cuta a wani ƙauyen.

Ƴan kasuwar da ke shigo da magungunan dabbobi suna da nasu nauyin: su kawo abin wuya na gaskiya mai kwanan wata, su guji jabu. Mai sayen kare daga waje ya nemi takardar awon jini kafin ya biya. Magabata kuwa suna da kayan aiki a hannu. Akwai babban ɗakin awon dabbobi na LABOCEL da cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai. Ranar da aka tara karnuka don allurar hauka, kamar ranar 28 ga Satumba da duniya ta keɓe don yaƙi da haukan kare, za a iya ɗibar jininsu a auna, a fara da garaken Abzin da garuruwan kan iyaka. Malaman likitar karkara kuma a tunatar da su cewa ba kowace kumburarriyar saifa ce ta cizon sauro ba.

Karen da ke tsaron garke da garka ba shi da laifi cikin wannan al'amari, shi ma cizonsa aka yi. Kula da makwancinsa da abincinsa kula ce da lafiyar yaran gida, kuma kuɗinta bai kai na jinyar yaro guda ba. Allah ya kiyashe mu da iyalanmu da dabbobinmu.